Kwas ɗin koyon kayak da na yi: abun da ya mun da abun da bai mun ba

Assalamu alaikum. Tun da na ɗora hoton nan nawa a cikin ɗan jirgi ja, hijabi duk ya jiƙe sharkaf, 'yan uwa ke ta biyo ni da tambaya, ina ne, nawa ne, wai ban ji tsoro ba, shi ne nace bari in zauna in rubuta komai lokaci ɗaya. Kwas ne na kwana biyu, Asabar da Lahadi, na wanda bai taɓa shiga kayak ba, wato irin ɗan jirgin da ke hoton, a wata 'yar cibiya da ke bakin tafki, tafiyar kaman minti 40 a mota daga Nottingham inda nake aikin jinya. Ba babbar cibiyar nan ta Holme Pierrepont da kowa ya sani ba ce, wannan ƙarama ce sosai, kwantena biyu ne da rumfa da ɗan ofis. Sunanta zan bari a cikina tunda akwai ƙorafin da zan yi. Fam 75 na biya, a ciki har da jirgin, da filafili, da rigar kariya, da rigar roban nan mai matse jiki ta shiga ruwan sanyi.

Ni dai 'yar Kano ce, kuma dangin Umma ta wajen Bichi suke, toh tun ƙarshen Nuwamban 2021 da kwale-kwale ya kife a dam ɗin Watari tsakanin Badau da Bagwai, 'yan Islamiyya za su Maulidi, aƙalla mutum 29 suka rasu yawancinsu yara, ruwa ya zamar mun wani abu da ko a gada nake wucewa ba na leƙawa. Allah Ya ji ƙansu. Da na zo nan sai na ga ƙasar duk ruwa ce, kogin Trent ya ratsa ta garin, ga hanyoyin ruwa da aka haƙa tun zamanin da, yarana kuma makarantarsu na kai su iyo, naga ba zai yiwu su iya ni uwarsu in tsaya ina kallo daga nesa ba. Na yi kusan shekara ina zuwa koyon iyo a lokacin da ake warewa mata, har na kai ina iya yin mita 50 ban tsaya ba, sannan wata abokiyar aikina tace mu je kayak. Da na faɗa wa Umma a waya cewa ta yi, ke 'yar nan me ya kai ki, ruwa fa ba a wasa da shi. Nace Umma shi ya sa ma zan je a koya mun.

Kayak ɗin ba irin kwale-kwalen mu ba ne. Ɗan siriri ne, mutum ɗaya ke zama a ƙasa ƙasa ya miƙe ƙafa gaba, filafilin kuma baki biyu gare shi, ka tsoma dama ka tsoma hagu. Asalinsa na mutanen Inuwit ne da 'yan uwansu na can ƙuryar arewacin duniya wajen Girinlan da Kanada da Alaska, da fatar dabbar ruwa suke lulluɓe firam na itace ko ƙashi su fita farauta, yanzu kuwa na 'yan koyo roba ce mai tauri. Iri biyu suka nuna mana, akwai wanda ake zama a samansa kawai, in ya kife sai ka zame ka faɗa ruwa shi kenan, akwai wanda ƙafafunka ke shigewa ciki. Mu da na biyun aka koya mana, kuma kocin tace da gangan ne, wai wanda ya iya fita daga wannan, na farkon ba zai ba shi wuya ba.

Abun da ya fara burge ni shi ne kusan awa ɗaya muka yi ba wanda ya taɓa ruwa. Kocin mace ce, babba, za ta kai shekara hamsin da wani abu, ba ta da hayaniya amma ba ta ɗaga ƙafa ko kaɗan. Rigar kariya ta fara da ita. Kowa ya saka tashi ya ɗaure, sai ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana kama kafaɗar rigar da hannu biyu tana fizgowa sama, duk wanda tashi ta taso ta kai kunne sai ya kwance ya sake ɗaurewa, kuma wallahi cikin mu tara mutum biyu ne kawai suka tsallake a karon farko. Tace rigar da ba ta kama jiki ba, kana faɗawa ruwa za ta taso ta rufe maka fuska ko ma ta cire gaba ɗaya. Sannan ta yi mana bayanin da ban taɓa ji ba duk da shekarun da na yi ina jin ana cewa laif jaket laif jaket, ashe iri iri ce. Wadda ake sakawa a kayak mai lamba 50 ce, taimako kawai take yi wa wanda yake cikin hayyacinsa kuma ya ɗan iya iyo, an yi ta ne yadda hannu zai samu sakewa ya yi tuƙi, amma in mutum ya suma ba za ta juyo da fuskarsa sama ba. Wadda ake yi domin ta juyo da mutum ita ce mai lamba 150 zuwa sama, irin ta masu shiga teku. Duk wanda zai sayo wa 'yan uwa riga ya aika gida don Allah ya duba wannan lambar, a jikin rigar take a rubuce ta ciki, kuma ta yara daban take, da nauyin yaro ake auna ta ba da shekaru ba.

Koyon tuƙin kansa ba zan ja shi da tsawo ba. Kowa da farko jirginsa juyi yake ta yi a wuri ɗaya, saboda hannun da ya fi ƙarfi ya fi ja. Ta nuna mana a ɗora filafilin a ka a ga gwiwar hannu ta yi kusurwa daidai, nan ne wurin riƙo, kuma ba da damtse ake tuƙi ba, da juya ƙugu da baya ne, ka tsoma bakin wajen yatsun ƙafarka ka fitar da shi wajen ƙugunka, ƙafa kuma na dannan matakin da ke ciki. Sai yadda ake juyawa da jan filafilin a faɗi kaman kana share tsakar gida, da yadda ake tsayawa, da komawa da baya, da matsawa gefe. Zuwa azahar ina iya miƙewa in je wajen balan-balan ɗin da suka saka a tsakiyar tafkin in dawo.

Amma abun da na biya kuɗi dominsa, ban ma san shi na biya ba sai daga baya, shi ne kifewa. Bayan an ci abinci tace yanzu kowa sai ya kifar da jirginsa da kansa, da gangan, ita tana tsaye a cikin ruwan iya ƙirji kusa da kai. Ƙarshen Afrilu ne, rana ta fito tar har wasu sun cire rigar sama, amma da ta tsoma ma'auni a ruwan digiri 11 ya nuna. Duk ruwan da yake ƙasa da digiri 15 suna lissafa shi a matsayin mai iya sa jiki ya firgita. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na karanta wannan a takarda, na san sanyi in ya bugi fata farat ɗaya mutum na jan numfashi da ƙarfi ba da son ransa ba, numfashi ya dinga fita da sauri sauri, bugun zuciya ya ƙaru, jini ya hau. Sanin takarda daban, ji a jiki daban. Ta faɗa mana matakan tun muna kan tudu ta sa muka maimaita sau uku, ka ja numfashi, ka kife, ka duƙa gaba kaman za ka sumbaci jirgin, ka buga gefensa sau uku da tafin hannu domin na waje su san kana cikin hayyacinka, sannan ka dafa gefen ƙugunka ka tura jirgin kaman kana cire wando, rigar da kanta za ta taso da kai. Na yi bisimilla na karkata.

Fitar kanta ba ta kai daƙiƙa biyar ba, gaskiya ta fi sauƙi a kan yadda nake zato, ruwan ne ma yake zare ka daga ciki. Abun da ya biyo baya ne ya girgiza ni. Ina ɗago kai sai naji ƙirjina ya ƙi karɓar umarni, ina ta haki hah hah hah, ina so in yi magana na kasa, hannuna kuma da kansa ya fara dukan ruwa zan yi iyo in gudu bakin gaɓa, ga shi gaɓar ba ta fi taku goma ba. Kocin ba ta taɓa ni ba, muryarta kawai nake ji ƙasa ƙasa tana cewa kwanta da baya, kai baya har kunne ya shiga ruwa, buɗe hannu, kar ki yi iyo, ki jira. Na kwanta ina kallon sama ina ta hasbunallahu a zuci, a hankali a hankali numfashin ya dawo hannuna, minti ɗaya ne ko da ɗan wani abu. Wannan kwanciyar ita ce ƙungiyar ceton nan ta RNLI, wadda tun 1824 take aikin ceto a tekun ƙasar nan, take ta koya wa mutane kullum, saboda firgicin sanyin yana wucewa cikin kaman minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi, matsalar kawai kar ka shaƙi ruwa kafin ya wuce. Muna cewa iya ruwa fidda kai, toh ni a wannan minti ɗayan iyon da na yi shekara ina koyo bai fidda ni ba, rigar ce ta riƙe ni har hankalina ya dawo, sannan iyon ya yi amfani.

A cikin mota muna dawowa ban iya hira ba, Bagwai kawai nake tunani, da Warrah ta jihar Kebbi a watan Mayun 2021, da Patigi a Yunin 2023 inda fiye da mutum 100 suka rasu suna dawowa daga biki cikin dare. Ruwan mu bai kai wannan sanyi ba, na sani, amma ni da aka gaya mun zan kife, na shirya, da rana tsaka, da riga a jikina, da gwana a tsaye kusa da ni, haka na ruɗe, ina ga uwa mai goyo da zani da dogon hijabi, cikin duhu, jirgi cike maƙil, kowa na riƙo kowa. NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta Najeriya, ta hana tafiyar dare ta kuma ce dole a saka riga, amma duk wanda ya taɓa tsayawa a mashigar jirgi ranar kasuwa ya san yadda abun yake. Kuma har yanzu sai kaji mutum na cewa ai in kwana ya ƙare riga ba ta hanawa. Haka ne, ajali ba ya jira, amma ai an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali.

Sau uku muka yi kifewar ranar. A na biyu aka ƙara da cewa kar ka saki jirgi kar ka saki filafili, saboda jirgin ko a kife yana yawo a saman ruwa, ya fi kanka girma, mai nemanka shi zai fara hangowa. A na uku muka koyi yadda abokin tafiya zai jawo jirginka kan nashi ya zubar da ruwan ya riƙe maka ka hau, wannan kam akwai wuya, sai da na gwada sau huɗu kuma washegari cinyata duk ta yi shati. Sun kuma ba mu igiyar ceto wadda take cikin 'yar jaka muka yi ta jefawa, kuma dokar da ta nanata ita ce in ka ga wani na nitsewa, ka fara da ihu kana gaya masa abun da zai yi, sai miƙa masa sanda ko filafili, sai jefa igiya ko duk wani abu mai yawo a ruwa, shiga ruwan da kanka shi ne na ƙarshe kuma ba na ɗan koyo ba ne. Nan ma sai da na tuna yadda a gida sau da yawa za ka ji yaro ya faɗa kududdufi, yayansa ya bi shi, a fito da gawa biyu.

Ranar Lahadi aka ɗora jiragen a tirela aka kai mu wani kogi mai tafiya a hankali. A nan aka koya mana bin hannun dama in za a yi kiciɓis da wani jirgi, da ba wa dogayen jiragen nan da mutane ke kwana a ciki hanya tunda ba sa iya tsayawa nan take. Kocin ta sauke mu muka taka da ƙafa muka je muka kalli wata 'yar madatsa, irin shingen kankare da ake yi a faɗin kogi ruwa na zubowa ta samansa. In ka ganta ba za ka ɗauke ta a bakin komai ba, ba ta kai tsayin mutum ba. Sai ta jefa reshen itace a ƙasanta, wallahi muna tsaye ya fi minti biyar reshen na nitsewa yana tasowa yana komawa wurin da ruwan ke zuba, ya kasa wucewa. Tace haka yake yi wa mutum ko da riga a jikinsa, ta kuma tuna mana abun da ya faru a Haverfordwest ta yankin Wels a Oktoban 2021, inda mutum huɗu masu tuƙin allon nan da ake tsayawa a kai suka rasu a irin wannan wuri bayan an yi ruwan sama mai yawa. In ka ga alamarta ka fito ka ɗauki jirginka ka zagaye ta ƙasa, magana ta ƙare.

Sauran abubuwan da sauri aka bi su. Duba hasashen iska kafin ka fita, musamman iskar da ke kaɗawa daga gaɓa zuwa cikin ruwa don ita ce ke tafiya da mutum bai ankara ba. Waya a jakar da ruwa ba ya shiga, a jikinka ba a cikin jirgi ba, da usur a maƙale a riga. Ka gaya wa wani inda za ka da lokacin dawowa. Lambar gaggawa 999, in bakin teku ne ka nemi masu gadin gaɓa, in kogi ne ko tafki 'yan kwana-kwana. Sai ciwon da ake ɗauka daga fitsarin ɓera a ruwa, a rufe duk wani yanka da filasta, a yi wanka bayan an fito, in zazzaɓi ya zo cikin 'yan makonni a gaya wa likita an shiga kogi, wannan naji daɗi da ta faɗa don mutane na ɗaukarsa mura ce. Kuma yawancin hanyoyin ruwan da jirage ke bi a Ingila sai da lasisi, wanda yake zuwa tare da rajistar Paddle UK, ƙungiyar masu tuƙin irin waɗannan jirage da a da ake kira British Canoeing kafin su canza suna a 2024.

Toh ga ƙorafina. Na farko wurin canza kaya. Kwantena ɗaya ce ta mata, ba labule ba komai a ciki, kowa na tuɓewa a gaban kowa, ƙofar kuma ba ta rufuwa da kyau tana kallon inda ake ajiye motoci. Ni a banɗaki na canza, ƙasa duk ruwa da taɓo, ga rigar roban nan cire ta a jiƙe aiki ne ko a fili balle a ɗan ƙuƙumin wuri. Na biyu rigunan kariyar kusan duk ɗinkin maza ne, mace mai jiki sai ta zaɓa, ko ta ɗauki wadda ta matse ta har numfashi na wuya ko wadda ta yi mata yawa, kuma su da bakinsu suka ce wadda ta yi yawa haɗari ce, ya kamata su sayo na mata ko guda biyar ne. Na uku ranar Lahadi mataimakin kocin bai zo ba, mu tara ita kaɗai a kan kogi, ta yi ƙoƙari sosai amma akwai lokacin da na baya suka yi nisa da na gaba har naji ba daɗi, a ganina ko dai su nemo wani ko su raba mu kashi biyu. Sannan imel ɗin da suka turo bai ce a zo da tsohon takalmi ba, nawa mai kyau na shiga da shi ruwa. Bas kuma ba ta zuwa wurin, in ba ka da mota sai tasi.

Amma in zan yi adalci, da na tambayi inda zan yi sallah ba wani kallon banza, yaron ofis ya kwashe kujeru ya ba ni wuri har ya duba mun alƙibla a wayarsa. Kuma kocin ce da kanta ta jawo ni gefe tun da safe ta yi mun maganar hijabi cikin mutunci, tace ba ta da matsala da shi ko kaɗan amma dogon da na zo da shi in ya jiƙe zai iya manne mun a hanci da baki ko ya sarƙe a wani abu lokacin fita. Allah Ya sa ina da ƙaramin na motsa jiki a jaka, shi na saka, ba fil ba allura, na cusa bakinsa cikin riga. 'Yan uwa mata masu niyyar zuwa ku riƙe wannan. Kar ku saka auduga don tana shan ruwa ta yi nauyi ta ƙara sanyi, abaya da zani kuwa a bar su a mota. In matsewar rigar roban ce damuwarku, suna ba da wata rigar leda mai dogon hannu da ake ɗorawa a sama, ni kuma na ƙara da sakakken wando mara nauyi irin na wasanni, ban ji na fita tsirara ba kuma bai hana ni komai ba. Ku tafi da flas na shayi mai zafi da babban tawul.

In maki zan ba su, huɗu cikin biyar, kuma ɗayan da na cire na kwantenar nan ne da rashin mataimaki, koyarwar kam ba ni da abun cewa. An ba mu satifiket na matakin farko, Paddle Start, kocin kuma ta faɗa mana ƙarara cewa ba lasisin fita kai kaɗai ba ne. Na riga na yi rajistar mataki na gaba, Paddle Discover, a watan Yuni lokacin ruwan ya ɗan yi ɗumi, wannan karon da babbar 'yata da Abbansu, shi da yake ta cewa ai ya iya ruwa tun yana yaro a Wudil. Na kuma tura musu imel kan maganar labule da rigunan mata, matar ofis ta amsa tace za ta kai wa masu wurin. In na koma zan duba ko an saka.